Yadda na bi sawun masu gudun duniya a duwatsun Indiya

A zangon karatun da ya wuce akwai wani kwas da na ɗauka a makarantarmu nan Bengaluru, tarihin zane da sassaƙa na Indiya. Ba shi ya kawo ni ƙasar ba, amma dole kowane ɗalibi ya ɗauki kwas ɗaya daga wani sashen daban, ni kuma wannan ne ya kwanta min. Babu jarrabawa a ƙarshe, furojet ne, kuma sharaɗin Malama shi ne duk abin da za ka yi rubutu a kai sai ka je ka gan shi da idonka in dai yana inda ƙafarka za ta iya kaiwa, wanda ke ƙasashen waje ne kawai ta yarda a yi da hoto. Wasu suka ɗauki rawa, wasu dabbobi, wasu kayan ado. Ni nace masu gudun duniya nake so, waɗanda suka bar gida da dukiya da iyali suka shiga daji ko bara, domin tunda nazo ƙasar nan nake ganinsu a tashar jirgin ƙasa da bakin hanya, wani da jan kyalle wani da toka a jiki, kuma akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina. Sarki kam an san yadda ake nuna shi, a sa masa kambi a ɗora shi kan doki ko giwa a zuba masa dogarai. To wanda ya ajiye komai fa, me masassaƙi zai sassaƙa har mai kallo ya gane wannan mutumin ya bar duniya?

Kafin na sa hannu a fom sai da na kira Baba, don wuraren da zan je yawancinsu wuraren gumaka ne kuma ba zan ɓoye masa ba. Yace bauta za ka je yi ko karatu? Nace karatu ne Baba. Yace to ka je ka duba, ka riƙe sallarka, kada ka rusuna wa komai, kuma kada ka wulaƙanta wa mutane abin da suke girmamawa a gabansu. Da wannan na tafi ko'ina.

Matakin farko a aji aka yi shi. Malama ta raba mana wata takarda mai gurabe bakwai da za ka cike a gaban kowane mutum-mutumi ko zane: yanayin jiki, gashi, sutura, zaune yake ko tsaye kuma ta yaya, me ke hannunsa, su wa ke kewaye da shi, sai na ƙarshe wa ya biya kuɗin aikin. Tace kada ka karanta allon bayani sai ka gama cike shida na farko, in ka fara da allon to idonka ya mutu, abin da aka gaya maka kawai za ka gani. Muka yi gwaji da hotuna a majigi, na farkon da ta haska shi ne Buddha mai azumi da ke gidan tarihi na Lahore a Pakistan, wanda aka tono a Sikri a yankin Gandhara, aikin wajen ƙarni na 2 zuwa na 3. Wallahi ajin tsit ya yi. Ido ya faɗa can cikin rami, haƙarƙari a jere kana iya ƙirgawa, ciki ya shafe ya manne da baya, jijiyoyin wuya da na goshi duk a waje, ga gemu ya tofo, amma kuma bayan nan a miƙe yake cak, zaman bai karye ba ko kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bayanin da ya biyo baya, ashe su mabiya Buddha wannan ba shi ne ƙarshen labarin ba. Siddhartha, wato Buddha kafin ya samu wannan laƙabin, ya yi shekara 6 yana azabtar da jikinsa, daga baya ya ga hanyar ba ta ɓullewa, ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata Sujata ya ci, sannan ya kama abin da suke kira hanyar tsakiya. Shi ya sa irin wannan siffar ba ta da yawa, akasarinta daga Gandhara ne, sauran Buddha da za ka gani a Indiya jikinsu a cike yake sumul. Hoto na biyu daga ƙofar gabas ta Sanchi ne a jihar Madhya Pradesh, daren da ya fice daga fada, kuma nan ma babu shi a hoton sam, doki ne ba mahayi an riƙa masa laima, ana maimaita dokin yana tafe yana tafe har ya isa inda aka sassaƙa tafin ƙafa biyu. A wancan zamanin masu aikin Sanchi ba sa siffanta shi da jiki. Na zauna da takardata gurabe huɗu babu abin rubutawa.

Fita ta farko Shravanabelagola na nufa tunda ita ce kusa, wajen kilomita 145 daga Bengaluru a gundumar Hassan. Bas na hau zuwa Channarayapatna, daga nan ƙaramar mota ta ƙarasa da ni. Garin ƙarami ne, tafki a tsakiya, dutse biyu suna kallon juna, Vindhyagiri babba da Chandragiri ƙarami, kuma tun daga nesa a mota za ka hango kai da kafaɗun mutum sun leƙo ta saman babban. A gindin dutsen ake ajiye takalmi, ba a hawa da shi, matakala sama da 600 ne da aka sara a jikin falalen dutsen kansa, akwai ƙarfen dafawa, tsofaffi kuma ana ɗaukarsu a kujera mutum huɗu su saɓa. Ina hawa ina hutawa, tsofaffin mata suna wuce ni suna ta karance-karancensu a hankali.

Idan ka shiga farfajiyar sama sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga fuska. Bahubali kenan, ko Gommateshwara, ƙafa 57 wato kusan mita 17, daga dutse guda ɗaya, an gama shi wajen shekarar 981. Tsirara yake, kuma ba zan ce ban ji nauyi ba da farko, mu da aka tasa da kunya, ga mata ga yara a wajen. Amma babu mai kallon abin ta wannan fuskar, su 'yan addinin Jain na ɓangaren Digambara, masu wannan wurin, tsiraicin nan shi ne alamar mutum ya rabu da mallaka har ta ƙyalle ɗaya. Na samu gefe na zauna na fito da takarda. Jiki: a cike, kafaɗa faɗi, babu ƙashi ko ɗaya da ya fito. Gashi: nannaɗe ƙanana. Sutura: babu. Abin hannu: babu. Tsayuwa: a miƙe, hannaye sun sauka amma ba su taɓa cinya ba, ana kiran tsayuwar kayotsarga, wato mutum ya saki jikin ya daina kula shi. To in jikin a ƙoshe yake ina alamar wahalar? Sai da na zo gurbi na shida na gane. Wani tsiro ne ya taso daga ƙasa ya nannaɗe ƙafafu ya bi cinya ya hau hannaye har kusa da kafaɗa, kamar dai yadda yaɗon duma ke hawa danga, a gefen ƙafafun kuma ga suri an sassaƙa da macizai suna leƙowa. Masassaƙin bai taɓa jikin ba, lokaci ya sassaƙa. Ya nuna maka mutumin ya daɗe a tsaye bai motsa ba har daji ya ɗauke shi a matsayin itace.

Wani dattijo da ya ga ina rubutu ya matso, da ɗan Turancinsa ya ba ni labarin, daga baya na je laburare na tabbatar. Bahubali da yayansa Bharata 'ya'yan Rishabhanatha ne, na farko cikin manyan malamansu 24 da suke kira tirthankara. Rigimar sarauta ta haɗa su, maimakon a zubar da jinin sojoji aka ce su biyun su kara, kallon-kallo, watsa ruwa, sannan kokawa, Bahubali ya yi nasara duka, kuma a daidai lokacin da mulki ya zo hannunsa abin ya fita ransa, ya bar wa yayan ya shiga daji ya tsaya shekara guda. A wata ruwayar an ce duk da haka bai kai ga abin da yake nema ba saboda sauran girman kai, sai da 'yan'uwansa mata Brahmi da Sundari suka zo suka ce masa ya sauko daga kan giwa, alhali a ƙasa yake tsaye. Wannan wajen ya taɓa ni gaskiya, domin malamanmu ma suna faɗa, ajiye dukiya ya fi sauƙi kan ajiye ganin kai.

Gurbi na bakwai kuma a ƙasan ƙafafun yake a rubuce da harsuna daban-daban, Kannada da Tamil da tsohon Marathi, Chavundaraya ne ya sa aka yi. Shi kuwa waziri ne kuma shugaban yaƙi na sarakunan Ganga. Mutumin da ya yi rayuwarsa a fagen daga shi ya ɗauki nauyin siffar wanda ya ƙi yaƙi. Kuma duk shekara 12 ana yin babban biki a kafa katakai har saman kai a riƙa kwarara masa madara da ruwan rake da kurkum da sandal, na baya-bayan nan a 2018 aka yi. Na rubuta wannan a gefen takarda na ja masa layi, ban san zai zama ƙashin bayan furojet ɗin gaba ɗaya ba sai can gaba.

Da rana ta yi sanyi na hau Chandragiri. Nan babu wani ƙaton abu, amma falalen dutsen cike yake da rubuce-rubuce da tafin ƙafa da aka sassaƙa don tunawa da waɗanda suka yi sallekhana, azumin da mutum ke rage ci a hankali har rai ya fita idan tsufa ko cuta ta ci ƙarfinsa. Al'adarsu ta ce sarki Chandragupta Maurya da kansa ya ajiye mulki ya biyo malaminsa Bhadrabahu nan ya ƙare rayuwarsa. Addinina bai yarda da wannan ba kuma zuciyata ma ba ta karɓe shi ba, amma aikina in rubuta yadda aka nuna shi, kuma abin lura shi ne ba su zana ramammen jiki ba ko sau ɗaya, sawu kawai. A garin na ga malaminsu na Digambara a raye yana tafe, ba komai a hannunsa sai butar ruwa da tsintsiyar gashin ɗawisu da yake share wuri kafin ya zauna don kada ya danne ƙwaro. Sau ɗaya suke cin abinci a yini, a tsaye, a tafin hannu, gashin kansu ma da hannu suke tugewa.

Mahabalipuram ita ce ta biyu, jirgin ƙasa zuwa Chennai sannan bas ta bakin teku wajen kilomita 60 kudu. Tun kana shiga gari kake jin ƙarar guduma da injin yankan dutse, har yau sana'arsu kenan. Abin da na je gani a bakin titi yake ba ko tikiti, wasu manyan duwatsu biyu masu tsaga a tsakani, faɗin wajen mita 29 tsayi wajen 13, aikin zamanin sarakunan Pallava a ƙarni na 7. Giwaye ne kusan girmansu na gaske, da barewa da zakuna da birai da halittu masu tashi sama duk sun fuskanci tsagar, ita tsagar kogi ce, an sassaƙa macizai masu kan mutum a ciki, kuma ana ganin a da ruwa ake sakowa daga sama ya bi ta nan. Cikin duk wannan cunkoson sai ka nemo mutumin da komai ke kewayawa a kansa, yana sama kaɗan hagu da tsagar, tsaye da ƙafa ɗaya, hannaye a sama, gemu, ciki a shafe, haƙarƙari a waje, kusa da shi Shiva, ɗaya daga manyan abubuwan bautar Hindu, mai hannu huɗu ya miƙo hannun kyauta. Masana har yau sun rabu biyu, wasu sunce Arjuna ne, wani jarumi a labaran Hindu, yake neman makamin yaƙi, wasu sunce wani sarki Bhagiratha ne yake roƙon kogin Ganga ya sauko duniya. Ko wanne ne dai, abin da na cike a takarda ya sha bamban da na Bahubali. Nan wahalar a fili take a jiki, kuma wahalar tana da farashi, ka ƙona jikinka ka tara ƙarfi da suke kira tapas har a ba ka abin da kake so. Wannan bai bar duniya don ya rabu da ita ba, ya bar ta ne na wani lokaci don ya dawo da abin da ya fi ƙarfi. Ban yi tsammanin samun wannan bambancin ba, da duk ɗaya nake ɗaukarsu.

A ƙasa kusa da wani ɗan ɗakin bauta akwai tsoho zaune ya sunkuya, da wasu a zaune da ɗamara da ta zagaye gwiwa da baya don ta riƙe su a dogon zama, wani a bakin ruwan yana matse rigarsa, wani yana duban rana. Sai kuma kyanwar nan. A ɗaya gefen tsagar kusa da hauren giwa, kyanwa ce tsaye da ƙafar baya ta ɗaga hannaye sama daidai yadda mutumin sama ya yi, ɓeraye sun kewaye ta sun saki jiki. Tsohuwar tatsuniyarsu ce ta kyanwar da ta yi shigar masu ibada don ɓeraye su amince mata ta riƙa cinye su ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe a gabanta fiye da ko'ina a garin, domin a ganina masassaƙan nan mutane ne masu gaskiya, a dutse ɗaya suka girmama mai gudun duniya na gaske kuma suka gargaɗi jama'a cewa tsayuwar da ramar ana iya aronsu. Shekara sama da 1,300 kenan kuma gargaɗin bai tsufa ba.

Daga kudun nan akwai siffofin tagulla biyu na zamanin sarakunan Chola da na saka duk da a hoto na yi aikinsu. Ɗaya Shiva ne da kansa a matsayin almajiri mai yawon bara, Bhikshatana, tsirara da takalmin katako da ƙoƙon kai a hannu a matsayin ƙoƙon bara, amma kyakkyawa matashi. Ɗayar kuma mace ce, Karaikkal Ammaiyar, mawaƙiyar Tamil da labari ya ce ta roƙi a ɗauke mata kyawunta bayan mijinta ya guje ta don tsoron baiwarta, ana siffanta ta zaune ƙashi da fata, riƙe da 'yan faranta na kiɗa, kuma tana murmushi. Mata ba su da yawa a wannan fagen, shi ya sa na ba ta shafi guda ita kaɗai.

Ellora ce ta fi nisa da tsada, a Maharashtra kusa da Aurangabad da yanzu aka sauya wa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar, wajen kilomita 30 daga garin. Kuɗin shigar baƙi ya ninka na 'yan ƙasa fiye da sau goma, ka tafi da fasfonka. Amma dole na je domin nan ne addinan uku suke jere a jikin tsauni ɗaya, kogo 34, na 1 zuwa 12 na Buddha, 13 zuwa 29 na Hindu, 30 zuwa 34 na Jain. Nan ne gwajin ido na gaske, domin mutum zaune ya naɗe ƙafa ido a lumshe kunnuwa dogaye, in ba ka sani ba sai ka ce duk Buddha ne. Abin da nake bi shi ne in fara neman bakin mayafi, a wuya ko a wuyan hannu ko a idon sawu, siririn layi ne kawai wani lokacin, in akwai to Buddha ne, sannan ga tudun nan a tsakar ka, kuma hannayensa suna magana, ko koyarwa ko taɓa ƙasa ko ba da kariya. A kogo na 10 mai rufi kamar an jera katako zaune yake ƙafafu a ƙasa yana koyarwa. Shi kuwa tirthankara na Jain hannunsa ba ya cewa komai, zama ɗaya ne hannu kan hannu a cinya ko tsayuwar nan ta kayotsarga, shikenan, ba ya kallonka ba ya ba ka komai, sau da yawa da laima uku a jere a samansa. Kuma dukkansu kama ɗaya suke, sai da alama ake rarrabewa, zaki na Mahavira, bijimi da gashin da ya zubo kafaɗa na Rishabhanatha, kawunan maciji da suka yi rumfa na Parshvanatha. A kogo na 32 na sake haɗuwa da Bahubali da yaɗonsa, wannan karon ƙarami, ana yawan ajiye shi yana fuskantar Parshvanatha wanda maƙiyinsa ke jifa da duwatsu shi kuma ko gezau. A kogunan Hindu kuwa gashi ne ke fara gaya maka, dogon gashin dada da aka naɗe a ka kamar hasumiya, shi Shiva ko yana rawa ko yana zaune da matarsa Parvati gashin mai gudun duniya ne a kansa. Kogo na 16 kuma, Kailasa, tsauni ne aka sare daga sama zuwa ƙasa ya zama gini guda a ƙarni na 8, ana danganta shi da sarki Krishna na 1 na gidan Rashtrakuta. Gurbi na bakwai ya sake cika da sunan sarki.

Da na fito na tari adaidaita sahu zuwa Khuldabad, 'yan kilomitoci ne a saman tudun, don in yi sallah in kuma ga makwancin waliyyai, garin cike yake da kaburburan Sufaye irin su Burhanuddin Gharib da Zainuddin Shirazi. A harabar Shehu Zainuddin aka binne Aurangzeb, sarkin daular Musulmi ta Mughal da ya rasu a 1707, mutumin da ya mallaki kusan duk Indiya, kabarin ƙasa ne a buɗe ba ƙubba, daga baya ne aka kewaye shi da marmara, kuma ana cewa kuɗin hulunan da ya ɗinka da hannunsa aka yi amfani da su. Tarihinsa akwai jayayya mai zafi a ƙasar nan kuma ba ita na je yi ba. Abin da na ɗauka shi ne ko sarkin da ya ƙi barin gadon mulki har mutuwa ya so a gan shi a ƙarshe da kamannin wanda bai da komai, kusa da ƙafar wani fakiri.

Sauran aikin a laburare na yi shi, zanen zamanin Mughal, tunda da yawansu suna Landan da Dublin da Paris da Washington. Nan takardar Malama ta yi min amfani sosai domin masu zanen nan sun lura da komai. Yogi na ɗariƙar Nath za ka gane shi da manyan 'yan kunne da ɗan ƙahon busa a wuya da karnuka a kusa, mabiyin Shiva da toka da layi uku a kwance a goshi da mashi mai baki uku, mabiyin Vishnu, wani babban abin bautar Hindu, layinsa a tsaye, Sufi kuma da riga mai faci-faci da carbi da ƙoƙon bara da suke kira kashkul. Akwai zanen Basawan na faɗan da ƙungiyoyi biyu na masu gudun duniya suka gwabza a Thanesar a 1567 a kan wurin zama a bakin tafki inda ake samun sadaka, Sarki Akbar na Mughal yana kan doki yana kallo, takubba da jini, wannan ma gaskiya ce da ba a ɓoye ba. Akwai na ɗansa Sarki Jahangir ya je har bakin ramin da Jadrup yake zaune kusa da Ujjain, sarki da kayan alfarma, shi kuma malamin Hindu da ɗan bante, suna zaune suna magana. Akwai wanda Bichitr ya zana wajen 1615 zuwa 1618, Jahangir a kan agogon yashi yana miƙa littafi ga Shehu Husain mai kula da hubbaren Ajmer, Sarkin Daular Usmaniyya da Sarki James na 1 na Ingila suna ƙasa suna jira. Wanda ya fi shiga raina shi ne Ibrahim ɗan Adham, sarkin Balkh da ya bar gadon sarauta, labarin da Baba ke ba mu tun muna yara bayan magariba, ban taɓa zaton zan gan shi a zane ba, ashe a ƙarni na 18 masu zanen Indiya sun yi ta maimaita shi, yana zaune a kan dutse a daji ya jingina da sanda ido a rufe, mala'iku na kawo masa abinci. Zana mala'iku ba abu ne da na yarda da shi ba, na kuma rubuta hakan a furojet ɗin, amma na gane me ya sa labarin ya samu karɓuwa a ƙasar da ta riga ta san Siddhartha da Bahubali.

Da na zo haɗa rubutu sai na shimfiɗa takardun duka a ƙasa na bi gurbi-gurbi maimakon addini-addini, Malama ce ta ba ni wannan shawarar. Gurbin jiki ya rabu gida biyu, masu nuna rama da masu nuna natsuwa a cikakken jiki, kuma rabuwar ba ta bin addini daidai, Buddha yana ɓangarorin biyu, Shiva kyakkyawa ne amma masu bauta masa ƙashi da fata. Gurbi na bakwai ne ya kusa zama baki ɗaya, waziri, sarki, sarki, yarima, sarki. Sanchi ce ta fita daban, can rubutun da ke jiki na nuna talakawa ne da 'yan kasuwa da sufayen Buddha maza da mata suka yi karo-karo, har da masu sassaƙa hauren giwa na garin Vidisha. Hujjar da na kafa ita ce wanda ya bar duniya ba shi ya nemi a siffanta shi ba, bai da kuɗin ma, waɗanda suka kasa bari ne suke biya, wani don lada, wani don mulkinsa ya samu albarka a idon jama'a, wani kuma ina kyautata zaton don zuciyarsa na son abin da ƙafarsa ta kasa takawa. Ban ga wannan a matsayin munafunci ba, ina ganin mai mulki ya san akwai wani girma da sojoji ba sa kawowa kuma yana jin kishinsa. Na ƙara ɗan babi a kan addinin Sikh, domin Guru Nanak da ya kafa shi bai yarda da barin gida da sana'a ba, a zanukan tarihin rayuwarsa ana nuna shi yana muhawara da yogi, alhali ɗansa Sri Chand shi ya kafa ɗariƙar Udasi ta masu gudun duniya.

Ranar kare furojet Malama ta fi tsayawa a kan kyanwar Mahabalipuram, ta tambaye ni wane gurbi ne a takardar zai raba ta da mutumin da ke sama. Nace na shida ne Malama, jiki da tsayuwa duk ɗaya ne, waɗanda ke kewaye ne suka bambanta, shi Shiva ne a gefensa ita kuma abincinta. Tace in faɗaɗa babin Sikh ɗin a zango mai zuwa in har zan iya zuwa Punjab, cibiyar mabiya Sikh.

Duk ɗan'uwan da ke karatu a nan yake son bin wannan hanyar, Ellora a rufe take ranar Talata, kogunan Ajanta da ke jiha ɗaya da ita kuma Litinin, kada ka haɗa tafiyar ba ka duba ba. Shravanabelagola ka hau da sassafe ka kuma tafi da safa mai kauri don dutsen yana ɗaukar zafi sosai kafin azahar, abincin garin na ganye ne zalla babu nama. Mahabalipuram ma da safe ya fi, dutsen gabas yake kallo, hasken safiya ne ke fito da haƙarƙarin da kyau a kyamara, in rana ta juya duk sai ya shafe.